Shekarar da Aka Yi Musayar Ɗan Kafinta

A Palo Quemado, in ka tambayi gidan Don Plinio Almánzar, kafin a nuna maka hanya sai an tambaye ka: ƙofa kake so, ko kujera, ko rasuwa aka yi? Shekara arba'in da biyar ke nan yana kafinta a rumfar nan ta bayan coci. Babu gidan da ba a zauna a kan aikin hannunsa ba, wasu kuma a ciki suka kwanta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne, ko da a wurin biki ne. Ba ya ha'inci a katako, kuma in ya ce maka Talata, to Juma'a aikinka ya fito, wanda a wajen kafinta wannan ba ƙaramar gaskiya ba ce. Ciwonsa ɗaya ne, bai kuwa taɓa neman maganinsa ba: ƙungiyar besbol, wato wasan ƙwallon gora, ta Zakaru.

A wajen ubansa ya gaje ta, tare da zarto da guduma. Ranar da ya auri Doña Nereida, ya shiga coci da 'yar rediyo a aljihun kwat, waya ta bi ta ƙarƙashin kwala zuwa kunne. Da limamin coci ya tambaye shi ko ya yarda ya karɓi wannan mace, sai da ya maimaita tambayar, domin a lokacin ana turmi na tara, na ƙarshe a wasan, kuma Zakaru na da mutum biyu a kan tasha suna jiran a daki ƙwallo su rugo su ci. Nereida ta yafe masa, amma ba ta manta ba. Duk baƙon da ya ci abinci a gidan sai ya ji labarin kafin a kawo kofi.

Garinmu kashi biyu ne, masu jar hular Zakaru da masu baƙar hular Kunamu. Duk shekarar da aka fitar da ɗaya daga gasa, sai ɗaya ɓangaren ya yi mata jana'iza: akwati, kyandirori, mata masu kukan ƙarya, a zaga gari da ganguna. A kan murfin akwatin kuma a rubuta lambar rigar mai jifan da aka ci wasan ƙarshe a hannunsa. In Zakaru ne suka faɗi, 'yan Kunamu kwalin firji suke samu su shafa masa jan fenti, don Plinio ya rantse ba zai buga musu ƙusa ɗaya ba. Amma in Kunamu ce ta mutu, a nan za ka ga aiki. Sai ya ture oda gefe, ya zaɓo katakon da ya fi kyau, ya goge, ya sa hannaye na tagulla. Akwai tsohuwar da ta taɓa ganin akwatin Kunamu ta roƙe shi ya ajiye mata shi.

Babban abokin gabarsa shi ne babban amininsa, Radhamés mai kanti, ɗan Kunamu tun daga hula har takalmi. Shi ya riƙe Wascar, ɗan Plinio tilo, ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre. A ƙofar kantinsa talabijin take, da teburin domino, kuma a nan ake yanke wa kowane koci hukunci kowace yamma.

Shi kuwa Wascar, Allah ya ba shi hannun hagu, ya zama mai jifa, wato mai jefa wa masu duka ƙwallo, kuma don a cika wa Plinio farin ciki, Zakaru ne suka ɗauke shi. Ba tauraro ba ne. Irin waɗanda ake kira a turmi na bakwai ko na takwas ne in abu ya cakuɗe, ya fitar da mutum biyu ko uku, ya koma benci. Amma shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki da lamba arba'in da bakwai a bayansa, kuma a duk tsawon shekarun nan Plinio bai san akwai wahala a son abu biyu ba, tunda duka biyun riga ɗaya suke sawa.

To, a waccan shekarar kakar wasa ta raba tsakiya Zakaru suna na biyar. Ƙungiyoyi shida ne, huɗu ke wucewa zagayen gaba, Kunamu kuma su ke zaune a na huɗu. Plinio ya samo wani guntun falanki ya cika shi da lissafi, yana zuwa da shi kanti a hammata.

"Ku duba nan," in ji shi, yana buga fensir a kan falankin. "Saura wasa ashirin da biyu. In muka ci goma sha huɗu, Kunamu suka ci goma sha ɗaya, shi ke nan, sai ku zo a auna ku."

"Goma sha huɗu?" Radhamés ya ƙyalƙyale. "Compadre, da wa za ku ci? Mutanenku in sun riƙe gora kamar suna korar sauro. Jiya na ga ɗaya ya kai duka, ƙwallo tana hannun mai cafka tun ɗazu."

"Ai shi ya sa nake cewa a yi musaya," in ji Ambiorix mai aski, wanda shi ne sarkin jana'izar ɓangaren Zakaru. "Mai duka ɗaya kawai muke nema."

"Wa zai ba ku? Me za ku bayar? Bas ɗin ƙungiyar?"

Maganar bas ɗin nan ta tsaya wa Plinio a rai. Kashegari da azahar ya ajiye guduma, ya kira shirin wasanni na rediyo, aka kuwa sa shi.

"Ɗan'uwa, Plinio kafinta ne daga Palo Quemado. In shugabannin Zakaru na jina, su buɗe kunne. Ƙungiya ba gidan gajiyayyu ba ce. Masu jifa sun yi mana yawa, masu duka babu. Duk wanda ya haura shekara talatin da biyu, a ba da shi a karɓo mana yaro mai damtse. Ni kafinta ne, katakon da gara ta ci ba fenti nake yi masa ba, cire shi nake yi."

"Kowa da kowa, Don Plinio?" in ji mai shirin.

"Kowa da kowa! Ba sani, ba sabo."

Da yamma ya doshi kanti yana tafiyar ƙasaita, yana jiran a yi masa tafi. Babu wanda ya tafa. Ambiorix yana kallon ƙasa. Radhamés ya goge kanta da tsumma a hankali, sannan ya ɗago.

"Compadre, Wascar shekararsa nawa?"

"Ashirin da takwas."

"A'a."

"Da tara, to."

"Je ka gida ka tambayi uwarsa."

Bai ma sami damar tambaya ba. Nereida na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. "Talatin da huɗu ya cika a watan Maris," ta ce. "Ni na sani, don ni na haife shi. Kai kana filin wasa."

Kwana huɗu bayan haka aka sanar: Zakaru sun ba da Wascar Almánzar, sun karɓi wani yaro mai duka, Eudy Collado. Kuma ba ko'ina aka kai Wascar ba sai Kunamu. Ni dai ban ce shugabannin Zakaru sun saurari kafinta ba. Mutanen nan ko iyayensu ba sa saurara. Amma je ka ka gaya wa Palo Quemado haka. 'Yan acaɓa in sun wuce rumfarsa sai su yi masa hon su ce, "Manaja, a gaishe ka!" Wata mata ta zo takanas ta roƙe shi ya kira rediyo ya sa a yi musayar mijinta.

Ya yi kwana uku bai leƙa kanti ba. Ranar da ya koma, Radhamés ya ajiye masa kofi da kansa, ya ja kujera, ya zauna yana murmushi.

"To, compadre, kai ne masani. Musayar nan, wa ya ci riba?"

"Yaron da muka karɓa ya iya duka."

"Wato ya fi Wascar ke nan."

"Wa ya ce? Wascar ya fi shi sau goma!"

"Ashe an cuci Zakaru."

"Ba a taɓa cutar Zakaru ba!"

"To wa aka cuta? Mu ne? Da muka karɓi ɗanka?"

Plinio ya zaro fensir daga kunne, ya mayar. "Zuba domino, mutum," ya ce. "Surutu ya yi maka yawa."

Daga nan rayuwa ta yi masa wuya. Eudy Collado ya shiga dukan ƙwallo kamar tana da laifi, Zakaru suka fara hawa. Wascar kuma, da baƙar riga, ya yi wasa tara ba a ci ko ɗaya a hannunsa ba. Plinio ya koma kallon wasannin Kunamu a gida da ƙofa a rufe, yana ce wa Nereida leƙen asirin abokan gaba yake yi. Ita kuwa ta sayo baƙar hula ta rataya a jikin ƙusar da tasa ja ke rataye. Falankin lissafi ya cika gaba da baya, ya samo na biyu. Kowane lissafi ya yi yana neman hanyar da duka biyun za su wuce, amma ƙungiyoyi ukun da ke sama sun yi nisa. Kujera ɗaya ce ta rage. Da aka zo mako na ƙarshe sai ga su kunnen doki, kuma wasan rufewa na ranar Lahadi da rana tsakaninsu ne.

Ranar Alhamis Ambiorix ya zo rumfa yana murza hula a hannu.

"Don Plinio, maganar akwati ce. Mun ce in da nauyi a bana, sai mu ma mu nemi kwali."

"Kwali?" Plinio ya miƙe. "Zakaru su binne Kunamu a kwali ina raye? Fita mini daga nan. Asabar ku zo ku gani."

"To lambar fa? In ta zama…"

"Lamba sai an gama wasa ake rubutawa. Haka aka saba."

Nereida ta ji komai ta taga. Da ya shigo cin abinci ta dire masa kwanon dakakkiyar agade da ƙarfi. "Ka yi akwatinka, ban hana ka ba. Amma ranar da ka rubuta arba'in da bakwai a jikinsa, ka yi shi daidai tsawonka, don a ciki za ka riƙa kwana."

Ya yi akwatin, ya yi masa baƙin fenti, ya bar murfin fili. Ranar Asabar da safe yana sa hannayen tagulla Wascar ya kira.

"Baba, ka sa mini albarka."

"Allah ya yi maka albarka. Ya hannun?"

"Yana nan. An ce ka gama akwatinmu."

"Aiki ne, ɗana."

Wascar ya yi dariya. "Baba, kafaɗar nan ba za ta kai baɗi ba. Likita ya faɗa, ni ma na sani. In ba mu wuce gobe ba, wasana na ƙarshe ke nan. Ina so dai in fita da ƙwallo a hannuna."

Plinio ya so ya faɗi abubuwa da yawa. Abin da ya fito shi ne, "Yaron nan Collado, kada ka jefa masa ƙwallo a ƙasa. Yana son ta ƙasa." Da ya kashe wayar sai ya gane cewa ya sayar da asirin Zakaru a karo na farko a rayuwarsa, kuma bai ji kunya ba ko kaɗan. Tsoro ya ji, ya zauna a kan akwatin ya daɗe.

Ranar Lahadi ƙofar kantin Radhamés ta cika har bakin titi. An ajiye akwatin a gefe, da gwangwanin farin fenti da buroshi a kai. 'Yan Kunamu sun jingina kwalinsu a ɗaya gefen. Plinio ya zo da jar hularsa ya zauna a kujerarsa ta kullum. Rabin mutanen talabijin suke kallo, rabin kuma fuskarsa.

A turmi na shida Kunamu na gaba da ci uku da biyu. Kyamara ta nuna gefen fili, sai ga Wascar ya tashi yana ɗumama hannu. Plinio ya kama gefen tebur. Amma mai jifan da ke ciki ya kuɓutar da kansa, Wascar ya koma ya zauna. A na bakwai aka sake tashinsa, aka sake zaunar da shi. A na takwas abu ya cakuɗe sosai: Zakaru sun sa mutum biyu a kan tasha, an fitar da biyu, saura ɗaya turmin ya ƙare, kuma mai shigowa duka shi ne Eudy Collado. Wascar na tsaye a gefen fili, ya jiƙe da gumi, ya daina jifa yana kallon koci.

Kocin Kunamu ya fito yana tafiya a hankali, ya karɓi ƙwallo, ya juya wajen benci. Sai ya ɗaga hannun dama, alamar mai jifa da dama yake so, ba Wascar ba.

Wani dogon yaro mai lamba sittin da ɗaya ya shigo da gudu. Jifarsa ta farko ta zo a ƙasa. Collado ya ɗaga ta, ta wuce katanga, ta wuce allon talla, wataƙila har yanzu tana tafiya. Ci uku ke nan a duka ɗaya: Zakaru biyar, Kunamu uku. Turmi na tara bai canja komai ba, aka fitar da Kunamu daga gasa.

Wuri ya kaure. Aka kifar da teburin domino, aka yi wa juna wanka da giya. Ambiorix ya rungume Plinio yana tsalle. "Allah ya rufa asiri, Don Plinio! Mun wuce, kuma sittin da ɗaya ce! Ba lambar ɗanka ba ce!"

Plinio ya ture shi, ya je gaban talabijin, da jar hula a kansa, yana nuna kocin Kunamu da yatsa.

"Jaki! Jakin banza! Collado bai taɓa ganin jifar mai hagu ya gane ta ba! Ga ɗana nan a tsaye, sau uku ka tashe shi! Da ka sa Wascar da mun mutu!"

"Don Plinio," in ji Ambiorix, "mu fa muka ci."

"Na sani! Ai abin da nake faɗa ke nan!"

Babu wanda ya yi dariya sosai. Radhamés, wanda ƙungiyarsa ta mutu yanzun nan, shi ne ya dafa shi ya zaunar da shi. Plinio ya yi makonni yana tsoron a miƙa masa buroshi a ce ya rubuta lambar ɗansa. Yanzu da aka miƙa masa, sai ya ji da ma ita ce, don aƙalla da yaron ya fita da ƙwallo a hannu. Ya rubuta sittin da ɗaya, tsaf, ba karkace. Amma bai bi jana'izar ba, ya tafi gida.

Kashegari da hantsi ɗan acaɓa ya sauke Wascar da babbar jaka. Uwarsa ta cika masa kwano, ya ci kaɗan. Plinio ya zauna a gabansa yana juya kofi.

"Maganar rediyon nan…" ya fara.

"Baba, bar ta. A ɗakin sauya kaya sai da aka kunna mana ita sau shida. Har yanzu katakon gara suke kirana." Ya yi murmushi, murmushin bai daɗe ba. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Jiya hannun lafiyarsa lau. Na daɗe ban ji shi haka ba. Na san abin da zan jefa wa Collado, guda ukun duka."

Plinio ya tashi ya shiga rumfa ya ɗauko tef ɗin awo da guntun allo, ya fita lungun bayan coci, don tsakar gidan ba ta kai tsawon ba. Ya ajiye allon a ƙasa, ya auna ƙafa sittin da inci shida, tazarar mai jifa da mai duka, ya sake aunawa, ya ja layi da ƙafa. Ya aika aka kira Radhamés, ya damƙa masa ƙafar tebur a madadin gora.

"Kai ne Collado."

"Ni? Compadre, ina da jikoki!"

"Tsaya nan. Kada ka motsa, in ka motsa ba ruwana."

Ya zaro safar cafka daga jakar Wascar, ya sa, ya tsuguna a bayan allon. Gwiwoyinsa suka yi ƙara har Nereida ta ji daga bakin ƙofa. Wascar ya tsaya a kan layin da silifas, yana kallon ubansa kamar ya sami taɓin hankali.

"Turmi na takwas," in ji Plinio. "Mutum biyu a kan tasha, an fitar da biyu. Koci ya ɗaga hannun hagu. Jefo."

Ta farko ta zo a sama, daf da ƙirji. Radhamés ya rufe ido ya kira sunan Budurwa Maryamu. Ƙarar safar ta tashi tantabaru daga rufin coci. Ta biyu ta taho kamar za ta bugi gwiwar Radhamés, sai ta karyo ta faɗa tsakiyar allo. Plinio ya ji yatsunsa sun mutu, amma ya mayar da ƙwallon. Wascar ya daɗe yana juya ta a hannu. Sannan ya ɗaga ƙafa, ya saki ta ukun. Radhamés ya kai duka da dukkan ƙarfinsa, ya juya sau ɗaya da rabi, ya zauna a ƙasa. Ƙwallon tana cikin safa tun ɗazu. Jifa uku sun cika, an fitar da Collado.

Plinio ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Wascar ya tako ya kama shi ta hammata ya ɗaga. Tsohon bai sake shi ba. Hawaye na bin fuskarsa, yana kuka a fili, bai damu da wa ke kallo ba, kuma murna ce da baƙin ciki duka suka taru masa.

"Ka gani ko?" ya ce da Radhamés ta saman kafaɗar ɗansa. "Na gaya muku. Da an sa shi, da tuni an binne mu."